Ajiyar Sarkin Baka a Ƙarƙashin Gado

Lawali dai Allah ya ba shi baki. Wannan ko maƙiyinsa ba zai yi musu ba. In ya miƙe a taron ɗalibai ya gyara wuyan riga, ya fara da Faransanci, ya gangaro Hausa, ya yayyafa ɗan Zabarmanci a kai, sai ka ga masu gyangyaɗi sun wartsake. To amma baki shi ke yanka wuya, kuma nasa bai ƙyale shi ba.

Shekarar ita ce wadda gulbin Yamai ya janye har mutane ke ratsa shi da ƙafa a ƙarƙashin gada. Damina biyu ke nan sama ta hana, ga soja a kan mulki. Lawali na aji uku a jami'a, can ƙetaren gulbi, ɗaki ɗaya da wani Hamisu ɗan Damagaram. Hamisu ba mai magana ba ne, shi dai lissafinsa da ɗan shayinsa. Shekara uku suna tare, ƙwaryar fura ɗaya, sabulu ɗaya. Da masassara ta kayar da Lawali bara, Hamisu ne ya goya shi har wajen likita.

Wata Talata da la'asar, Hamisu na aji, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Lawali ya buɗe, ya tsaya yana kallon tsohon da ke gabansa, sai da ya ɗan jima kafin ya gane mahaifinsa. Bala Sarkin Baka ne, shugaban maharban ƙauyensu a arewacin Maradi, mutumin da a dā ƙofa ke yi wa kaɗan. Yanzu riga ta yi masa yawa, wuya duk jijiya. Ba jaka, ba ƙunshi, sai wata tabarma a naɗe, an ɗaure ta tamau da igiya a wuri uku.

"Kai, rufe ƙofa," in ji tsohon. Bai taɓa kiran sunan Lawali ba, ɗan fari ne.

Sai da ya sha ruwa kofi biyu sannan ya ba da labari a taƙaice. Rumbu ya ƙare, an sayar da jaki, an ci kuɗin. Matan gida sun koma wajen danginsu. Shi ya hau saman kamyon, babbar motar dakon albasa, ya taho, don ya ji wani Bazabarme a unguwar Goudel, can bakin gulbi, na neman mai ban ruwa a garkarsa. Ya kwance igiya ɗaya, ya ɗan buɗa bakin tabarmar. Lawali ya leƙa. Bindiga ce harbi-ka-ruga, ta kakansa, doguwa, ƙotarta ta yi baƙi saboda hannu.

"Baba! A garin nan?"

"To ina zan bar ta? A rumfa zan riƙa kwana can, ko ƙyaure babu. Ka aje mini kwana bakwai, in sami wuri." Ya dafa tabarmar. "Ka bi ta a hankali, a ɗure take. Tun kaka na ɗura ta saboda wata barewa, barewar ba ta sake dawowa ba."

"Sai a cire abin da ke ciki mana."

Tsohon ya yi 'yar dariya. "Ka ji boko. Harbi-ka-ruga in ta ci, ba ta amai sai da ƙara. Harba ta a Yamai ka ga ko za mu kwana a gida. Ruwa na kashe albarushi, amma shi ke bar mata tsatsa a ciki. Kada ka kuskura ka sa mata ruwa. Ban rage da komai ba a duniya sai ita."

Me Lawali zai ce? Ɗa ya ce wa ubansa ba shi da wurin ajiyar tabarma? Tsohon da kansa ya durƙusa ya tura ta can ƙuryar ƙarƙashin gadon ɗansa, ya kakkaɓe gwiwa, ya tafi kafin rana ta faɗi.

Kwana huɗu da yin haka aka kira taron ɗalibai. An yi faɗa a layin abinci, wani ya zaro wuƙa, ba a ji wa kowa ba amma labari ya haye gada. Washegari kamyon soja ya zo ya tsaya a gindin wata bishiya, taku ɗari uku daga ƙofar jami'a. Shugabannin makaranta suka isar da saƙo: in aka sake ganin makami ko ɗaya a ciki, soja za su shigo su yi bincike da kansu, a rufe makarantar, kowa ya koma garinsu. Kuma kowa ya san abin da ke garinsu a shekarar nan. A nan aƙalla ana cin shinkafa sau biyu.

Wallahi da niyyar yin shiru Lawali ya je taron. Ya ma zauna can baya. Amma da ya ji ana ta kame-kame, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza, sai harshensa ya fara yi masa ƙaiƙayi. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Kamarad! Mu tsare gidanmu da kanmu, kafin a tsare mana shi da bakin bindiga. Mu kafa kwamiti. A bi ɗaki ɗaki. A tsaya a ƙofa a duba mai shiga da mai fita. Duk abin da aka samu a shimfiɗa shi a fili, a kira sunan mai shi kowa ya ji!"

Aka ɗauki tafi. Kafin ya zauna an ɗaura masa jan ƙyalle a damtse, ya zama shugaban kwamitin tsaro. Yana murmushi yana karɓar hannu, hankalinsa kuwa na ƙarƙashin gado. Mutum ya gina katanga da hannunsa, ya manta shi ne a ciki da kayan laifi. Ta ina zai fitar da ajiyar yanzu? Kewayen jami'a waya ce, soja na sintiri a bayanta. Ƙofa ɗaya ce, ita ce kuma ya sa a tsare.

Aka fara bincike. Aka tara wuƙaƙen yanka albasa, da gora biyu, da wani tsohon gatari. A ɗaki na goma sha biyu aka ci karo da wuƙar damtse mai kube na jar fata, ta wani Isaka ɗan Tahoua, dogo, mai ƙarancin fara'a. Isaka ya ja Lawali gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Shugaba, kawuna ya ba ni ita ranar da zan taho. Ban taɓa zare ta ba. Ka karɓa ka aje, amma don Allah kada a kira sunana a fili."

Da mai hankali ne, da ya tuna abin da ke ƙarƙashin gadonsa ya sassauta. Ina! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tsoron da ke cin Lawali ne ma ya sa shi ƙara zafi, don kada wani ya ga alamar sanyi a jikinsa. Da azahar, gaban ɗakin cin abinci, maza da mata a tsaye, ya ɗaga wuƙar sama.

"Kamarad Isaka! Isaka na Tahoua! A jami'a kake ko a bayan raƙumi?"

Aka fashe da dariya, har da 'yan mata. Isaka ya tsaya ƙyam, kunnuwansa kamar za su yi jini. Washegari ya zo ya ce a sa shi a kwamiti, kuma aikin ƙofa yake so. Aka ba shi. Tun daga ranar ko allura ba ta wuce ƙofar nan ba a duba ba.

Da bincike ya iso ɗakin Lawali, 'yan kwamiti suka tsaya a bakin ƙofa suna dariya.

"Ɗakin shugaba ne, mu wuce."

"Ku shiga mana," in ji Lawali, da wata murya da ko shi bai ji ta sosai ba. Suka wuce. Ya bi bayansu yana jin kunya na bin jikinsa kamar ƙwarƙwata.

Kwana bakwai suka zama sati biyu, sati biyu suka zama biyar. Tsohon ya aiko cewa har yanzu a rumfa yake, a ƙara haƙuri. Sau ɗaya Lawali ya kulle ƙofa, ya ɗauki buta ya durƙusa gaban gado, sai maganar ubansa ta dawo masa, ya aje butar. Ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce jibi. Da rana yana yawo da jan ƙyalle yana wa'azin zaman lafiya, in ya dawo ya zauna bakin gado a hankali kamar mai ƙurji. Abinci ya daina shiga. Hamisu ya zaci masassarar ce ta dawo, ya riƙa dafa masa shayi da citta yana tsare shi sai ya shanye.

Ran Alhamis da safe Lawali ya dawo daga wanka ya tarar da Hamisu na shara, ya zura tsintsiya ƙarƙashin gado, har ya kama bakin tabarmar zai jawo.

"Sake ta!" Lawali ya daka masa tsawa. "Wa ya sa ka? Wa ya ce ka taɓa mini kaya?"

Hamisu ya saki, ya ɗago yana kallonsa. Shekara uku bai taɓa jin wannan murya ba.

"Ta Baba ce ko? Yi haƙuri, ƙura na ga ta taru."

Shi ne ma ke ba da haƙuri. Lawali ya juya fuska bango yana goge kai da tawul. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A nan ya yanke shawara gobe za ta fita, ko ta halin ƙaƙa.

Dabarar da ya yi ba laifi. Ran Juma'a ɗalibai kan fita masallacin unguwa, kowa da tabarmarsa a hammata. Wa zai kula da tabarma ɗaya cikin ɗari? In ya fita sai ya gangara cikin gulbi ya ratsa da ƙafa, ya bi gaɓa har Goudel, ba ruwansa da gada. Kuma shi shugaba ne, wa zai tare shi? Ya bari Hamisu ya riga shi fita, ya jawo ajiyar, ya sa farar riga, ya ɗaura jan ƙyallensa. Nauyinta ya ba shi mamaki. Ya rungume ta a tsaye, baki sama, yadda ya ga ubansa na yi.

Ƙofa ta cika. Rana na dukan ƙwaƙwalwa, kowa na sauri. A gefen ƙofar daga ciki Kande mai dambu ke zama, wata dattijuwa da ke zuwa daga unguwar Gaweye kullum da tukunyarta da bokitin wanke kwanoni, ba ɗalibin da bai ci bashin bakinta ba. Isaka na tsaye tsakiyar hanya. Yadda yake duba tabarma kuwa ɗaya ne: ya tsayar da ita, ya ɗaga ya buga gindinta da ƙasa, in akwai abu a ciki ya faɗo, sannan ya leƙa ta sama.

Lawali ya ɗaga masa hannu zai raɓa ta gefe.

"Shugaba," in ji Isaka. "Tabarma."

"Ni ne fa, Isaka."

"Na gan ka. Kai ka ce mai shiga da mai fita."

Na baya suka yi dariya, wani ya ce wanzami ba ya son jarfa. Lawali ya yi yaƙe. Kafin ya sami abin faɗi Isaka ya miƙa hannu ya karɓe ta. Ya ji nauyi, ya ɗaga gira, ya dubi Lawali. Sannan ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga sama, ya sunkuyo da fuskarsa daidai bakin naɗin, haɓarsa na kusan taɓa igiya.

Zan faɗa muku abin da ya ratsa zuciyar Lawali a wannan ɗan lokacin, don shi kansa bai taɓa iya mantawa ba. Cewa ya yi a ransa, wataƙila ba za ta tashi ba. Tsohuwa ce, albarushin ya daɗe, in na yi shiru wataƙila a wuce. Ya auna ran mutum da mutuncinsa, kuma sai da ma'aunin ya yi rawa. Ƙiftawar ido ce, amma ya yi.

"Kada ka buga!" Muryar ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba. "Isaka, kada ka buga! Bindiga ce, a ɗure take!"

Ba Faransanci, ba kamarad. Isaka ya sandare da tabarma a sama, idonsa cikin ramin naɗin, inda yanzu yake ganin baƙin bakin ƙarfe na kallonsa. Lawali ya matsa ya tallabe ta, ya zare ta daga hannunsa a hankali, ya jingina ta da bangon ɗakin mai gadi, baki sama.

Da ya juyo sai ya ga abin da ya fi komai ƙona shi. Farin wandon Isaka na Juma'a ya jiƙe daga sama, jiƙon na gangarawa. Dogon mutumin nan da aka yi wa dariya bai sunkuyar da kai ba, yau fitsari ya kufce masa a gaban jama'a. Idanu ba su riga sun kai wurin ba, duk suna kan tabarma, amma saura kaɗan.

Sai ga Kande ta taso da bokitinta tana faɗa.

"Ku matsa mini, 'yan boko marasa ido!"

Ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta sheƙa wa Isaka ruwan wanke-wanke tun daga ƙirji har ƙafa. Ta kuma hau shi da masifa. "Kai kuma dogon banza, ka tsaya mini a hanya kamar turke! Ga shi ka jawo na yi asarar ruwa a shekarar nan. Wuce ka sake kaya!"

Isaka ya dube ta, ya dubi jikinsa, ya juya ya nufi ɗakunan kwana. Ba wanda ya gane sai Lawali. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ta rufa wa mutum asiri kafin a ƙifta ido, shi kuwa mai aji uku sau biyu ke nan yana tona shi. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Kande ta juyo kansa. "A ɗure ka ce? Kwance mu gani."

Ba wanda ya ba da umarni, amma ɗalibai suka matso suka yi da'ira, kafaɗa da kafaɗa, suka bai wa titi baya. Can gindin bishiya soja na zaune a inuwar kamyonsu, ba su ji komai ba. Lawali ya kwance igiyar sama. Kande ta fizge buta daga hannun wani, ta kafa bakinta a bakin bindigar.

"Inna, tsaya. Babana ya ce kada a sa mata ruwa."

"Babanka ya ce a kashe ɗiyan mutane?"

Ta tuttula. Ta karɓi buta ta biyu ta ƙara, har baƙin ruwa mai warin albarushi ya riƙa tsiyaya ta wajen kunama yana ɓata tabarmar. Sannan ta naɗe, ta tura ƙarƙashin teburinta, ta jibga buhunan wofi a kai.

"Da yamma zan fita da ita cikin kayana. Gobe ka zo Gaweye ka ɗauka ka kai wa tsohonka. Ka gaya masa Kande ce ta shayar da ita, in yana da faɗa ya zo."

Aka kira salla. Da'irar ta watse, kowa ya ɗauki tabarmarsa ya fita. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kira sunansa, ba wanda ma ya dube shi. Da sun yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Ya kwance jan ƙyallen, ya rasa wanda zai miƙa wa, ya cusa a aljihu. Bai iya zuwa masallaci ba. Ya koma ɗaki ya zauna bakin gado yana kallon tafin hannunsa da ya yi baƙi.

Bayan an sauko Hamisu ya shigo. Ya ji labari, a fuskarsa aka gani. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya zauna a nasa gadon. Ɗakin siriri ne, gadajen biyu a jere suke jikin bango ɗaya, inda ƙafafun Lawali ke ƙarewa nan matashin Hamisu ya fara.

"Kwana nawa ta yi a nan?"

"Talatin da takwas."

Hamisu ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon ƙarƙashin gadon, inda ƙura ta bar shatin tabarma. Mutumin lissafi ne, ba ya tambayar banza.

"Bakinta ina yake kallo?"

Lawali ya nuna da hannu. "Wajen ƙafafuna."

Hamisu ya bi layin da ido, daga ƙarƙashin gadon har matashinsa. Tsakani bai fi taƙi biyu ba.

"Haka Baba ya aje ta?"

Ga mafita ta samu. In ya ce e, shi ke nan, tsoho ne ɗan ƙauye, bai san wa ke kwana ina ba. Hamisu ma so yake a ce e, a muryarsa aka ji. Amma tsohon bango ya sa bakinta ya kalla, ta wajen kan ɗansa. Bayan tafiyarsa ne Lawali ya ga ba zai iya kwana da bakin bindiga a ƙarƙashin kansa ba, ya jawo ta ya juya ta. Kuma da yana turawa ya ga matashin, ya gan shi sarai.

"A'a," ya ce. "Ni na juya ta."

Hamisu bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya tashi ya naɗe katifarsa, ya ɗora littattafansa a kai, ya rataya butar shayinsa a yatsa. Kayan suka yi masa yawa, ya tsaya gaban ƙofa yana neman yadda zai kama mariƙi. Lawali ya zabura zai buɗe masa.

"Bari," in ji Hamisu. "Zan iya."